Ƙafar da na hana a ɗauka hoto

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Bukar, telan Fagge, kuma har yau ban gama ba shi haƙuri ba.

Tun Bature bai tafi ba abin ya faru. Ya sauko daga kan keke a bakin Kasuwar Sabon Gari, ƙafar dama ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Maɗori ya shafa ya ce targaɗe ne. Sati biyu ba ya iya taka keken ɗinki, ga bakuna tara a gida suna jiransa. Hankalina ya tashi, na goya shi sai asibiti.

Mai ɗaukar hoton ƙashi wani Bayarabe ne, Malam Lasisi. Ya ɗauki gwiwar, likita ya duba bai ga karaya ba. Sai Lasisi ya ce, "Malam, kawo ta hagun ma."

Nan na hau shi da faɗa. "Ta dama ke ciwo! Ɗaya ta rage masa, ita ma za ku sa wa wuta?" Ya yi ta roƙona in saurara. Ban saurara ba, don a lokacin ji nake na fi kowa wayo a Kano. Na sungumi ɗan'uwana muka fita.

Bayan wata uku muka koma, ƙafar tana jan ƙasa. Aka ɗauki gwiwoyin duka biyu, aka jera hotunan a jikin fitila, sai ga shi ƙuru-ƙuru: kan siririn ƙashin nan na gefen gwiwa ya goce daga mazauninsa. Likita ya ce ba kasafai ake ganin irinsa ba, sai an gwada da lafiyayyar. Da mun tsaya ran nan, da hannu za a mayar. Yanzu jijiya ta mutu. Na durƙusa ina roƙonsa ya yi wani abu, ko mene ne. Ya girgiza kai kawai.

Kwanakin baya a asibiti aka sa jikata cikin na'urar ɗaukar hoto da ke nuna har jijiya. Me Yaya zai ce da ya gani? Na san shi, dariya zai yi: "Modu, ita wannan ba ka yi mata faɗa ba?"

Bai taɓa ɗora mini laifi ba, wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya koma kan keken ɗinki da ƙafa ɗaya. Wadda na yi wa gadi ita ta ci da mu shekara ashirin da shida, ɗayar yana janta a ƙasa har ranar da muka ɗauke shi zuwa makwancinsa.