Ƙugiyar da na kankare

Akwai ranar da har a sa ni a ƙasa ba za ta fita daga raina ba, ranar da kwamfutar 'yata ta tono abin da na binne shekara talatin.

Mu masunta ne tun kaka da kakanni, a fadamar Haɗeja. A wajenmu kowane gida da alamarsa, wadda ake yi wa gora da ƙarfe mai zafi, don idan ruwa ya tafi da ita a san ta wane ce. Gora ita ce babbar ƙwaryar da masunci yake kifa ciki a kai ya shiga ruwa. Alamar mahaifinmu ƙugiya ɗaya ce. Da aka haifi ƙanena sai ya ƙara ta biyu, suka juya wa juna baya, ya ce ɗaya tawa, ɗaya tasa.

Bayan rasuwarsa wani ya kawo mini magana cewa ƙanena zai ba manoman shinkafa kududdufin da muka gada. Ban tambaye shi ba. Na ɗauko gorar mahaifinmu a gaban mutane, na sa wuƙa na kankare ƙugiyarsa, na ce daga yau gidan nan ƙugiya ɗaya gare shi. Ƙanena ya juya ya bar wajen. Ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Kafin Hausa. Daga baya na gane ƙarya aka yi masa, amma girman kai ya hana ni taka ƙafa. Kududdufin ma ciyawar kachalla ta cinye shi, ba ni ba shi.

'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata gare ta, ta yi karatun zane. Wata shekara bayan ruwa ya janye ta zo gida da aiki. Littafin tatsuniya ake shiryawa, aka ce ta zana taswirar ƙasar da ke cikin labarin, ƙasar da babu ita a duniya. Ta nuna mini a manhajar da take aiki da ita: koguna, tsibirai, garuruwa, kowane gari da 'yar garkuwarsa mai ɗauke da tambari.

"Baba, duba tamburan da suka zo da manhajar. Zaki mai fiffike, doki mai ƙaho. Wa ya taɓa ganin wannan a fadama?"

Na ce, "To ki sa musu tarwaɗa mana."

Ta yi dariya. "Ai abin da ya kawo ni ke nan. Ana iya shigar da tambarin da mutum ya yi da kansa. Garin masunta nake so ya ɗauki alamar gidanmu."

Raina ya yi fari. Na ɗauki biro na zana mata ƙugiya, amma hannu ya tsufa, ta fito kamar tsutsa. Ta ce gara ta ɗauki hoton ta ainihi. Ni da kaina na shiga rumbu na fito da gorar, na kakkaɓe ta. Wallahi na manta da tabon, ko in ce na koya wa idona tsallake shi.

Ta ɗauki hoto da waya ta tura kwamfuta. Ta bayyana mini cewa sai ta cire duk abin da ke bayan alamar, baƙin layi kaɗai ya rage, sannan zai zauna a kan garkuwa. Tana ta ƙara wa hoton duhu da haske don layin ya fito sosai, sai ta tsaya.

"Baba, akwai wani abu a gefen nan."

Na leƙa. Ga ƙugiyata baƙa ƙirin, ga wata a bayanta, dishi-dishi, amma ba mai musun ƙugiya ce. Ashe wuta ta shiga jikin gorar fiye da inda wuƙata ta kai.

Na ce, "Tsagewa ce."

"Tsagewa mai lanƙwasa da kaifi? Baba, biyu ce. Wacce zan shigar, ɗaya ko biyu?"

Na ce ina zuwa. Na fita ban san inda za ni ba. Na je bakin kogi na zauna, na kasa zama. Na bi ta kasuwar kifi, ana gaishe ni ina amsawa ban san da wa nake magana ba. Na yi azahar, ban tabbata raka'a nawa na yi ba. Na dawo ƙofar gida na juya, na sake dawowa. Abin da ke cina shi ne littafin nan yara za su karanta, har da jikokina da nasa. In na ce ɗaya, na sake kankare shi, wannan karon a inda ba ya gogewa. In na ce biyu, sai na faɗa wa 'yata wane irin mutum ne ubanta, don ita abin da ta sani kawai baffanta ya yi ƙaura.

Da la'asar na shiga na faɗa mata komai. Ba ta ɗago ta kalle ni ba. Ta bi layin ƙugiya ta biyu a hankali har ta cika shi, ta shigar da tambarin, ta ɗora shi a garkuwa shuɗiya. Sannan ta ce, "Gobe da safe akwai mota."

Muka sami ƙanena a zaure yana gyaran komar kamun kifi, gemu ya yi fari fat. Na shirya magana tun daga tasha, amma da na gan shi maganar ta gudu. Uwata ce ta gaishe shi, ta buɗe kwamfutar ta ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya zana ta hagun nan?"

"Ni ce, Baffa."

"Kin karkatar da ita. Wannan ko ƙaramar karfasa ba za ta riƙe ba."

Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da gorarsa ya dire a gabana. Ƙugiya biyu, baƙaƙe, an sha sabunta su da wuta.

"Ɗauki hoton wannan, 'yata. Yaya, ka ga taka? Duk shekara in zan ƙona tawa, da ita nake farawa."

Na buɗe baki in nemi gafara, kuka ya riga ni. Ya ce, "Haba Yaya, a gaban yarinya? Matso ka kama mini bakin komar nan, ai ba ka manta ɗinki ba."

Tambarin da ke cikin littafin daga gorarsa aka ɗauke shi, ba daga tawa ba. Shekara biyu muka samu tare kafin Allah Ya karɓi abinsa, Allah Ya jiƙansa. Biyu, a madadin talatin. Abin da na koya shi ne, duk wanda aka kawo maka maganar ɗan'uwanka, ka tashi ka je ka tambaye shi kafin ka ɗauki wuƙa. In kuwa ka riga ka ɗauka, kada ka jira na'ura ta tuna maka kamar yadda na jira.