Kujerun Jirgin Yaya Sani

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Sani makwancinsa a Talata Mafara. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi ƙuruciyarsa a filin jirgin sama a Kano, aikinsa kwance kujerun jirage da ɗaura su. Da ya ajiye aiki sai ya dawo gida ya kama noman albasa a Bakolori, amma hankalinsa bai taɓa saukowa ƙasa gaba ɗaya ba.

In mun gama ban ruwa muka zauna hutawa, sai ya tsinci kara ya zana jirgi a kan laka. Ba manyan nan ba, ƙarami mai farfela biyu, kujera biyu dama, biyu hagu, hanya a tsakiya. Yakan ce irin wannan ba ya shan mai kamar manya, kuma gajeren fili ya ishe shi sauka. Abin da ya dame shi lissafin zama ne. In ka matse layuka don a ɗauki mutane da yawa, gwiwar dattijo ta sha wuya. In ka sassauta, kuɗin kujera ya fi ƙarfin talaka. Wata rana sai ya sa tafin hannu ya share layuka huɗu na baya.

"Nan albasa za ta zauna," in ji shi. "Ita ta biya rabin mai, mutanen Bakura da Maradun su biya saura."

Na ce jirgin zai yi wari. Ya ce, "Ga ɗan wanga gari, ai ƙanshin gida ne."

Ciwo ya kama shi da damina. Muka kwantar da shi a bayan motar haya za mu asibiti a Sakkwato. A hanya ya buɗe ido ya ce mini, "Ƙanena, ni kaɗai na cinye kujera ukku, direba ya yi hasara." Bai kai asibitin da rai ba.

Yau hanya ta zama abin tsoro. Ƙanwarmu ta haihu a Maradun, sai da na yi wata guda ina jinkiri kafin na je barka. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga haka. Ba zai ce ai na faɗa ba, don ba halinsa ba ne. Ina jin gyaran murya zai yi, ya ce sannu ba ta hana zuwa, ya shiga tunanin inda jirgin zai sauka kusa da ƙauyen Dakko.

Bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne yadda yake sa talaka cikin kowane lissafi nasa, kuma na ga ’ya’yansa sun ɗauko. Sai bara matarsa ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Shekara ashirin yana ɗaura wa mutane wurin zama a sama, shi kuwa bai taɓa tashi a jirgi ba, ko sau ɗaya.

Allah ya sa ya samu wurin zama mai yalwa.