Tarun da Bai Taɓa Jiƙewa Ba

Faɗanmu da Gwenole a kan taru aka fara shi. Na tsaya a kansa a ƙofar kanti, na ɗaga bakin tarun da yake ɗinki na ce, "Kai tsohon banza, wane dutse ne a teku yake yanka a miƙe haka? Wannan aikin almakashi ne."

Ya ce, "Marivon, bakinki ya fi kan sadin wari. Wuce ki ba ni wuri."

Shekara talatin na yi ina fille kan sadin a gidan kifin gwangwani, kowa ya san bakina. Amma ai gaskiya na faɗa.

A tsohon gari na cikin ganuwa aka haifi Gwenole, a ɗakin sama na gida na uku in ka ƙetaro gada. Shekara arba'in yana kamun sadin a teku, har kifi ya ja baya, gwiwa ma ta ƙi. 'Yan'uwansa suka sayar da gidan, wata Madam Kerjan ta saya, ta mai da ƙasan gidan kantin kek. Ta bar masa ɗakinsa bisa sharaɗi guda: ya zauna a ƙofa da hular masunta yana ɗinkin shuɗin taru, baƙi 'yan yawon buɗe ido su ɗauki hoto, su shiga su yi sayayya. To tarun da bai ga ruwa ba, me zai yaga shi? Sai kullum da safe ta sa wa tarun almakashi, shi kuma ya wuni yana gyara.

Garin titi ɗaya ne, mashiga ɗaya. Da rani baƙi kan cika shi maƙil, ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba. Tsakanin Gwenole da teku taku ashirin, sai dai bangon ganuwa ya tsare. Yana jin motsinta, ba ya ganinta. Da ya miƙe zai hau ganuwa ya leƙa, Madam ta ƙwanƙwasa gilashi, ya koma ya zauna.

'Yarsa Nolwen ta gyara masa ɗaki a birnin Kemper, ta zo da mota har sau biyu. Ya ce a can ba a jin teku.

Ganina da shi na ƙarshe, don bai kai rani na gaba ba, da sassafe ne, Madam ba ta iso ba. Na tarar da almakashin a hannunsa, shi da kansa yake yanka tarun.

Bai ɗago ba ya ce, "Ita ba ta iya ba, ɓata mini ƙulli take yi."

Na ce, "Gwenole, dubban sadin na jera a gwangwani da hannun nan nawa. Ban taɓa ganin wanda ya jawo wa kansa murfi ba sai kai."