Ranar da Inna ta gyara min Turanci

"Wai waye ake ta bugu haka?"

Kakata Inna ce ta katse ni da wannan tambayar, muna zaune a tsakar gida a Garo tana ɓarar gyaɗa. Wallahi sai da takardun da ke hannuna suka zube don dariya 😂

Sau uku malamin da ke duba furojet ɗina yana dawo min da babi na biyu duk jan biro, ga lokacin miƙawa ya matso, ga tsadar buga takarda. Da na zo gida, Inna ta ce in karanta mata abin da ya hana ni cin tuwo.

Ina karanta Turancin ina fassarawa. "Moreover", na ce bugu da ƙari. "Furthermore", bugu da ƙari. "In addition", bugu da ƙari!

Da na kai "however" na ce amma, sai ta ajiye gyaɗar ta kasa kunne. Na ƙarasa, ta ce, "To ina amman? Ke 'yar nan, in mutum ya ce amma, ai juya maganar zai yi. Ke kuwa abin da kika faɗa ɗazu kika maimaita."

Ashe kwalliya kawai nake yi da kalmomin nan.

Na koma na tsince su, na bar masu aiki. Yau Malam ya sa hannu, har yana cewa, "Wa ya taimaka miki?"

Na ce, "Wata farfesa ce, Malam, ba ta taɓa shiga aji ba."

Har yanzu bakina ya ƙi rufuwa! 'Yan jami'a, ku faɗi gaskiya, wace kalma kuke barbaɗawa don a ce kun iya?