Inna a Gidan Kaza Mai Tabarau

Mahaifiyarmu ta yi shekara ashirin da tara tana girki a kicin ɗin asibiti. Mu 'ya'yanta Inna muke ce mata, ma'aikatan asibitin kuwa Uwar Tukwane suka laƙaba mata, don tukwane uku take ɗorawa kullum: ta kowa da kowa, ta masu hawan jini wadda ba a sa mata gishiri, da ta masu ciwon sukari. Tana da wata doka da ba wanda ya kafa mata. Idan an gama rabon rana, daga tukunya ta biyu take ɗibar nata, ta zauna kan buhun shinkafa ta cinye. Cewa take duk wadda ta ba mutum abin da ita ba za ta iya haɗiyewa ba, muguwa ce, ko da ta iya girki.

Wajen ɗanɗano kuwa sai dai a sara mata. Za ta ɗiga miya a bayan hannu ta lasa, ta gaya miki albasarki tun jiya kika yanka ta, kuma da kina soyawa hankalinki na kan waya. Maƙwabta har tsoron aiko mata da kwano suke yi. Ni da nake 'yarta ta tsakiya, na yi aure na haifi uku, amma in za ta zo gidana sai na ɗanɗana miyata sau goma kafin in sauke.

Baba mai gyaran agogo ne. Shagonsa na bakin titi, in ya miƙa hannu biyu sai ya taɓa bango da bango. Shekara talatin da takwas da aurensu, kuma duk inda aka miƙo masa abinci amsarsa ɗaya ce: "Na gode, cikina hannu ɗaya ya sani." Ranar da Inna ta yi ritaya an ba ta takardar yabo da agogon bango. Takardar tana ƙarƙashin katifa, agogon ya tsaya tuntuni, a gidan mai gyaran agogo. Amma wannan maganar ta Baba ita ce lambar girmanta, ba baƙon da zai zo gidanmu ya tafi bai ji ta ba.

Shekara uku da suka wuce likita ya ce jinin Baba ya hau. Inna ta ga maza da yawa a gadon asibiti, baki a karkace, ɓarin jiki a shanye, ana ba su abincinta da cokali. A ranar ta janye gishiri daga girkinsa. Auta, ƙanwarmu da ta rage a gida, aka ba ta 'yar kwalbar gishiri ta riƙa barbaɗa wa nata. Baba a falo yake ci, shi da rediyonsa. Inna a kicin, kan 'yar kujerarta, kamar yadda ta saba a wurin aiki.

Ana nan sai aka buɗe gidan kaza a titin su Baba. Irin gidajen nan ne masu rassa ko'ina, duk kamarsu ɗaya. Alamarsu kaza ce sanye da baƙin tabarau tana murmushi, ban san me ya yi mata daɗi ba. A ƙarƙashinta an rubuta: "Ka ci sau ɗaya, ka manta hanyar gida." Gari ya ɗauka. Layi har bakin shagon Baba. Ni ma na je sau ɗaya. Auta kuwa ta je sau huɗu a sati ɗaya, ta ɗauki hoto da kwali, ta ɗauka da tsinken lemo, ta ɗauka da ƙashi. Wai kazar narkewa take a baki, wai sirrin yajinsu mutum biyu ne kawai suka sani a duniya, kuma ba a barinsu su hau mota ɗaya. Inna ta saurara ta ce, "To Allah ya kiyaye hanya," ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Wata Laraba Baba ya manta ƙwayar maganinsa, Inna ta bi shi da ita da rana. Ta tarar ba ya shago. A ƙofar shagon da ke kusa, tela na zaune da kular abinci a cinya. Kular gidanmu ce, mai shuɗin murfi, wadda Baba ke fita da ita kowace safiya ya dawo da ita wayam.

"Hajiya, sannu da zuwa," in ji tela, bakinsa cike. "Dama ina son in yi miki godiya. Wata biyu ke nan maigidan yana ba ni wannan. Kin san jiya na je awo, likita ya ce jinina ya sauka?"

Inna ta ce madalla. Ta shiga shagon Baba don ta ajiye maganin, ta jawo aljihun tebur. Baba mutum ne da ba ya yar da abu. Marfin kwalba, guntun zare, tsohon batir, duk suna da gurbi. To ashe ya gano takardar goge hannu ta gidan kazar tana da laushi, ba ta karce gilashin agogo. Ga su nan ya ninke su ɗaya bisa ɗaya, tsaf, kowacce da kaza mai tabarau tana yi wa Inna murmushi.

Da yamma ta kira ni. Na zo da shirina na raba faɗa, sai na same ta zaune a bakin gado.

"Jininsa, Inna," na ce. "Abin tsoron ke nan."

"Wannan na sani, kuma zan yi maganinsa. Ke da kika ci kazar nan, gaya mini gaskiya. Ta fi tawa?"

Na yi rantsuwa tata ta fi, na kawo misalai, ta ɗaga mini hannu. Ta ce bakina ba abin shaida ba ne, ni da nake cin taliya da ta dahu ta wuce. Na ji haushi, amma tausayinta ya fi. Ban taɓa ganin Inna tana shakkar hannunta ba sai ranar.

Asabar da hantsi ta ci ado. Ta saka mayafin da take zuwa biki da shi, ta fesa turare, ta jefa tsohon cokalinta na asibiti a jaka. Ta leƙa falo.

"Malam, tashi ka raka mu. Yau zan ga wurin nan da ake ta yayi."

"Wane wuri?" in ji Baba.

"Na kusa da shagonka."

"Oho, wannan. Ina dai ganin mutane suna shiga."

Muka ɗunguma, ni da Auta a baya muna tsungulin juna. Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, Inna ta ce mata sannu. Ciki sanyi, kiɗa, fitilu da rana tsaka. Muka bi layi. Baba ya ja hularsa har gira, yana ta nazarin silin. Da muka iso gaba, yarinyar da ke karɓar oda ta washe baki.

"Baba, barka da zuwa. Irin na kullum? Cinya biyu da dankali?"

Auta ta durƙushe a wurin. Ni na cusa mayafi a baki. Baba ya ce, "Yarinya, mutane suna kama da juna." Ta ce, "Ai kai ka gyara mini agogona." Inna ba ta ko dube shi ba, ta ce, "A ba mu irin na kullum ɗin, huɗu."

Kafin mu gyara zama an kira lambarmu. Inna ta buɗe kwali, ta dubi cinyar, ta ɗaga kai ta dubi hoton da ke bango, ta sake duban cinyar. "Wannan ƙanwar waccan ce?" Sannan ta rufe kwalin. Ta ce ita ba ta cin abincin mutum ba ta gaishe shi ba, a kira mata mai girkin.

Aka kira manaja, wani saurayi ɗaure da laƙataye a wuya, mai ladabi.

"Mama, ai ba mu da mai girki."

"To wa ya dafa?"

Ya yi mata bayani. Kazar a mota take zuwa, a yanke, a daskare. Garin da ake birkima ta a ciki a buhu yake zuwa, a haɗe. A zuba a kwando, a tsoma a mai, a danna maɓalli. In ƙararrawa ta yi ƙara a tsame.

"Agogon nasu ma yana gaba da minti ɗaya," in ji Baba, sannan ya tuna wai shi bai taɓa shigowa ba, ya koma nazarin silin.

"Wa ke ɗanɗanawa?" Inna ta tambaya.

"Ba a ɗanɗanawa, Mama. Awo ne."

"Kai kana ci?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ni daga gida nake zuwa da nawa."

"Allah ya yi wa mahaifiyarka albarka."

Sai ta fito da cokalinta, ta goge shi da gefen mayafi. Ba abin da za a ci da cokali a kwalin nan, amma da bayansa ta ƙwanƙwasa ɓawon, ta kasa kunne. Ta ɓare shi gefe. Ta yagi tsokar ita kaɗai ta tauna, ido a rufe. Ta kurɓi ruwa. Ta ɗauki ɓawon ta ɗora a harshe. Mutanen teburin kusa sun daina ci, manaja ya harɗe hannu a baya, Baba na share gumi duk da sanyin wurin. Ni kam na san in ta ce ya yi daɗi, wani abu ya karye a gidanmu.

Kafaɗun Inna suka fara motsi. Na zaci kuka ne. Ashe dariya ce, irin wadda ke farawa daga ciki. Ta yi ta yi har ta kifa kai a tebur, ɗankwali ya zame, hawaye na zuba. Auta ta kama, ni na kama, yarinyar oda ta kama ba ta san dalili ba.

"Gishiri ne," in ji Inna da ta samu numfashi. "Gishiri da mai da zafi. Tsokar ba ta san an yi girki ba. Wannan kazar ko tsakuwa ba ta taɓa tsattsaga ba. Ni ina can na kasa barci, ashe da buhun gishiri nake takara."

Ta juya ga manaja, don Inna ba ta cin haƙƙin kowa. Ta ce wurinsu tsaf yake, ta duba ƙarƙashin tebur ba ta ga maiƙo ba. Suna da sauri, mai yunwa ba zai zage su ba. Dankalin ma ba laifi in an ci shi kafin ya huce. "Amma batun a manta hanyar gida, ɗana, ku rage. Wanda ya manta hanyar gida saboda wannan, dama can ba ya son komawa."

A nan Baba ya ga ba mafita, sai ya zaɓi ya yi fushi.

"To na ci. Na ci, kuma ba don ta fi taki ba. Shekara uku ina cin abinci lami, kamar ana wanke mini baki. Ke me ya dame ki? Kina kicin kin barbaɗa naki, Auta ta barbaɗa nata, ni kaɗai aka mayar majinyaci a gidana."

Dariyar Inna ta tsaya. Ta dube shi, ta mayar da cokalinta jaka, ta gyara ɗankwali. "Ku tashi mu tafi," ta ce. Auta ta tattara ragowar, Baba ya miƙa hannu zai ɗauki takardun goge hannu, ya fasa.

Ban koma gidana ba, na tsaya in ga ƙarshen abin. Da yamma Inna ta dafa shinkafa da miyar kifi. Ta kai wa Baba nasa falo, ta dawo ta zauna kan 'yar kujerarta da kwanonta. Ina tsaye ina wanke tukunya. Tukunya ɗaya ce, kuma Inna ba ta barbaɗa wa nata komai ba. Sai a lokacin na lura, ni da nake shiga kicin ɗin nan duk sati. Na tuna buhun shinkafar asibiti, kunya ta rufe ni.

Rediyo ya yi shiru. Muka ji takun Baba. Tun da nake ban taɓa ganinsa a kicin ba sai in agogon bango zai ɗauka. Ya tsaya a ƙofa da farantinsa, har yanzu da sauran fushi a fuskarsa.

"Tun da yau ranar ɗanɗano ce," ya ce, "bari ni ma in ji naki."

Ya sa cokali a kwanonta ya kai baki. Ya tauna. Ya sake ɗiba daga ɗaya gefen, inda yake zaton an ɓoye gishirin. Ya daɗe yana taunawa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da likita ya faɗa."

"Ke ai lafiyarki ƙalau."

"Ƙalau."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

Baba ya dubi farantinsa, ya dubi kwanonta. Ya waiwaya yana neman wurin zama, babu sai bokitin wanki. Ya kife shi, ya tattare rigarsa, ya zauna kusa da ita, gwiwoyinsa har ƙirji. Suka ci tare. Ni na juya baya ina ta cuɗa tukunyar da ta riga ta fita.

Da ya gama ya kankare farantin tas, ya miƙa mata.

"Akwai saura?"