Gwiwata a Hannun Maɗori

Har yau in na ce sikwash ce sana'ata sai na tsaya bayani. Ɗaki ne mai bango huɗu, ku biyu a ciki kowa da raket, kuna dukan wata 'yar baƙar ƙwallon roba a jikin bango har ɗaya ya kasa cim mata. A Tambuwal ba sa wahalar da bakinsu, "wadda ka dukan bango" suke ce mini. Na koya a Sakkwato ina sakandare, jiha ta ɗauke ni, na buga a Kaduna da Legas, har na taɓa ƙetare iyaka. Da wasan nake ci, da shi na yi wa Inna rufin kwano.

Mutane na zaton wasan hannu ne. Ina! Gwiwa ce. Ki zabura, ki jefa ƙafa ɗaya gaba har cinya ta kusa taɓa ƙasa, ki kwaso ƙwallo a lungu, ki dawo tsakiya kafin abokiyar karawarki ta farga. A irin wannan zaburar ce, a wata gasa a Legas, na ji ƙas a gwiwar dama, na zube.

Likita ya ɗauki hoto ya ce ƙashi lafiya lau, jijiyar da ke riƙe gwiwar daga ciki ce ta tsinke. Sai an yi aiki, kuma kafin aikin kada in bar ƙafar ta sandare, in riƙa lanƙwasa ta kullum. Ya ce in na bi haka zan koma fili. Kocina ya ce zai riƙe mini gurbina a tawaga har kaka mai zuwa, ba zai iya wuce nan ba. Sai na taho gida in jira ranar aiki.

Kalmar aiki kawai Inna ta ji ta dafe ƙirji. Ƙanwarta ta taɓa shiga ɗakin tiyata ba ta fito da rai ba, don haka a wurinta wuƙar likita da ta mahauci duk ɗaya.

"Yanka? Ɗiyata za a yanka? Ba da ni ba, wallahi. Kawunki na Kebbe shina da maɗori, shi yaɗ ɗora yaron da sa yat taka, ga shi nan shina noma."

Na ce, "Inna, ni ba karaya na yi ba."

"To mi kinka yi? Ba ƙara kinka ji ba?"

Na yi bayani har muryata ta dishe. Na yi faɗa, na buga ƙofa, ni da ma ba a san ni da haƙuri ba. Inna ba ta rama ba, abinci kawai ta daina ci. Da ta ce in na bari aka yanka ni ba ta yafe ba, sai na sallama. Na ce a raina bari in je a shafa mini mai, hankalinta ya kwanta, in zame in tafi asibitina.

Kawu ya zo da babur ya ɗauke ni. Hanyar Kebbe kuwa, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi har ƙwaƙwalwa.

Maɗorin dattijo ne mai fara'a, gadon gidansu ne, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya karaya. Ya latsa gwiwar, ya ce gocewa ce da tsagewar ƙashi. Na ce ga hoto. Ya karɓa da ladabi, ya duba shi a juye, ya miƙa wa Kawu. Ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya jera karare daga cinya har ƙwauri, ya ɗaure tamau da tsumma. Sannan aka kawo kaza, ya karya mata ƙafa ɗaya a gabana, ya ɗora ta ita ma. Ya ce ranar da kazar ta taka, ni ma na warke.

Abin da ban sani ba shi ne, ɗori in an ɗaura, wanda ya ɗaura kaɗai ke kwancewa. Wani ya taɓa, ƙafar ta lalace, haka kowa ya yarda. Matar Kawu ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofata, ko motsi na yi sai ta ɗaga kai. Na roƙi Kawu ya bar ni in lanƙwasa ƙafar ko kaɗan ne.

"Haba ɗiyata, ki yi haƙuri mana. Gaugawar mi kika yi? Bangon nan ba shi zuwa ko'ina."

Ya yi dariya, shi a ganinsa lallashina yake. Ni kuwa kuka nake da rana tsaka, ina jin ƙafata tana bushewa a cikin kara. Ruwa ya sauka, hanya ta yanke, ranar aiki ta zo ta wuce ina kwance ina kallon wata kaza tana ɗingishi a tsakar gida. Ban taɓa tsanar wata halitta kamar kazar nan ba.

Kazar ta taka, aka kwance ni. Cinyata ta koma kamar muciya, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Likitan da na gani a Sakkwato ya daɗe yana duba ƙafar. Daga baya ya ce yanzu ko aikin ba zai yiwu ba sai an sha fama gwiwar ta saki, kuma ko an yi, tafiya zan samu, ba gasa ba. Kocina ya kira ya yi mini jaje, muryarsa ƙasa-ƙasa. Gurbin an ba wata yarinya, kuma ta cancanta.

A hankali gwiwar ta saki daidai zama da sallah. Ina tafiya ba ɗingishi. Amma in na juya da sauri sai ta zame daga ƙarƙashina, don jijiyar tana nan a tsinke yadda take. Wannan ba wanda ke gani sai ni. A Tambuwal na warke. Inna ta yi sadakar waina, ta aika wa maɗori da shadda.

Kwanan baya wata maƙwabciya ta shigo da ɗanta, ɗan ƙwallon ƙafa, gwiwarsa ta kumbura suntum. Ya ce shi ma ƙara ya ji. Na ce, "Baba, don Allah ku kai shi asibiti a ɗauki hoto, kada ku bari a ɗaure ƙafar nan."

Inna ta harare ni. "Ke dai ba ki da godiya. Likita cewa yay yi sai an yanka ta, ga ta nan. Tashi ki taka su gani."

"Inna..."

"Tashi mana."

Na tashi. Na taka daga bakin rumbu har ƙofar zaure, na juyo a hankali yadda na koya don kada ta zame. Matar ta ce masha Allah, ta tambayi Inna kwatancen gidan maɗorin.