Shinkafar da Na Kwantar

Shekarar da ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ta Badariya ta kai wasan ƙarshe na jiha, muka sami gurbin shiga gasar kofin ƙasa. Mu kanmu mun yi mamaki. Ƙungiyar unguwa ce kawai, rigunanmu ma in aka duba da kyau ba launinsu ɗaya ba. Ni ne kyaftin, ina tsaron baya, kuma a lokacin kaina rawa yake.

Yawancinmu manoman shinkafa ne, wasu daga Ambursa, wasu irina daga Argungu. Da juna muke gayya: yau gonar wannan, gobe ta wancan. Sai ranar wasanmu na kofin, wanda za a buga can kudu, ta faɗo daidai lokacin da shinkafar rani ta nuna, damina kuma ta ƙarato. A makon nan layin gayya kan gonar babana yake, gonar da gidanmu ke ci shekara guda.

Kocinmu mutumin kudu ne mai sayar da kayan babur, ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shi ya fara ja da baya.

"Kwana huɗu za mu yi, zuwa da dawowa," in ji shi. "Manyan ƙungiyoyi ƙwallo ne aikinsu. Ku kuna da gona. Mu haƙura sai baɗi."

Na taso masa kamar zan cinye shi. Na ce in ƙananan ƙungiyoyi ba za su shiga ba, a daina kiransa kofin ƙasa mana. Aka yi mini tafi, na ji daɗi. Har dabara na kawo: mu yanke shinkafar Baba ranar Litinin, mu bar ta kwance ta sha iska, mu dawo Juma'a mu buge.

Baba na zaune kan kunyar gona yana wasa lauje lokacin da na faɗa masa. Gwiwarsa ta daɗe da hana shi aikin duƙe.

"In kunka tahi, ku bar ta tsaye," ya ce. "Wadda ag tsaye tana jimre ruwa guda. Wadda anka kwantar ba ta jiran kowa."

"Baba, tsuntsaye za su gama da ita."

"Taura biyu ba ta taunuwa, ɗan nan."

Na san gaskiyarsa. Amma ina so in rufe bakin masu cewa mun gudu mun bar aiki, don haka muka yanke ta kaf, muka jera dammuna a ƙasa, muka hau mota.

Tun daga tasha gabana yake faɗuwa. Abokai na waƙa suna buga jikin mota, ni idona na gabas. Duk gajimaren da na gani sai in ciro waya. Muna ƙara yin kudu, ƙasa na ƙara yin kore, ina ƙara tsorata. Na kira Inna ya fi sau biyar, har ta ce, "Kai, mi aƙ ƙwallon, mi ad duban sama? Rana ta muke sha."

Ranar Laraba muka buga. Filin ciyawa ne, mu da muka saba da rairayi. An ci mu uku da nema, kuma na biyun laifina ne: iska mai sanyi ta kaɗo, na ɗaga kai sama, ɗan wasansu ya wuce ni kamar ba na wurin. Da aka tashi na kira gida. Inna ta ɗauka. Ƙarar ruwa kan kwanon rufi na ji.

Kwana biyu yana zuba. Baba ya nemi masu taimako, amma kowa na ceton tasa, 'yan gayyarsa kuma muna cikin mota. Da na isa fadama ranar Juma'a, dammunan sun nutse cikin laka. Na ɗaga ɗaya, ƙwayoyin sun fito da fararen saiwoyi. Gonar maƙwabcinmu, da ya bar tasa tsaye, ko gezau.

Baba bai zage ni ba, kuma na fi son a ce ya zage ni. Har gobe in ana gardamar ko ƙananan ƙungiyoyi su shiga kofin ƙasa, cewa nake su shiga, amma ba na ɗaga murya.

Da salla ta zo, Baba ya kira ni, ya miƙo mini buhu ba komai ciki.

"Tahi kasuwa ka auno muna shinkafa."

Na ce a aiki wani. Ya girgiza kai. Haka na ratsa kasuwar Argungu da buhu a kafaɗa, na tsaya gaban mai awo, mutumin da kowace shekara shi ke zuwa ƙofar gidanmu saye. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya ce, "Kyaftin, tiya nawa?"